Shiga kogo don sha'awa: matasan Aboabo na shirin Buoyem, zaure ya rabu biyu

Fuseini Aboabo: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na zaure. Mu bakwai ne muke son zuwa kogunan Buoyem, kusa da Techiman a nan Ghana, ko kuma Mframabuom na Kwamang. Ba tsayawa a bakin kogo a ɗauki hoto a juyo muke nufi ba, so muke mu shiga ciki sosai. Muna da tocila, muna da igiya. Me ya rage? Kuma wane wata ya fi?

Baba Gariba: Wa alaikumus salam. Abin da ya rage shi ne ku zauna gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Me kuka ajiye a cikin rami?

Malam Issaka Tafo: Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini izini in ɗan tsaya wa yaran. Sha'awar ba ta banza ba ce. Akwai abin da mutum ba ya samu sai a kogo. In aka wuce lanƙwasa biyu ko uku daga ƙofa aka kashe fitilu, duhun da ke wurin ba irin na ɗauke wuta ba ne: ka buɗe ido ka rufe duk ɗaya, ka sa tafin hannu a kan hanci ba ka ganin sa. Shirun kuma har bugun zuciyarka kake ji. Ga tarihi. Kogon Bosumpra da ke kusa da Abetifi a Kwahu, Thurstan Shaw ya haƙa shi a 1943, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna mutane sun zauna a wurin tun fiye da shekara 10,000. A tsaunukan Shai mutane na zaune har 1892 da Turawan Ingila suka kore su. A Sankana, wajen Wa, cikin duwatsu jama'a suka fake lokacin hare-haren kamun bayi. Wanda ya karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a, ya san labarin kogon Saur, in ya so ya ga yadda kogo yake da idonsa ban ga laifinsa ba. Abin da ya kamata mu tattauna shi ne yadda za su shiga su fito.

Baba Gariba: Waɗanda ka lissafa duk gudun mutuwa ya kai su. Waɗannan kuwa daga gidan ubansu za su taso da ƙoshinsu. Amma ci gaba, ina ji.

Malam Issaka Tafo: To Fuseini, fara da sanin irin dutsen. Manyan kogunan da kuke gani a bidiyo, irin Mammoth na Amurka mai tsawon fiye da kilomita 680, ko Veryovkina mai zurfin fiye da mita 2,200, a dutsen farar ƙasa suke, wanda ruwa ke narkar da shi sannu a hankali. Namu ba haka ba ne. Na Kwahu da na wajen Techiman galibi dutsen yashi ne, na Shai kuwa manyan duwatsu ne da suka hau kan juna suka bar rata a tsakani. Wato gajeru ne, ɓata a ciki na kwanaki ba shi ne babban abin tsoro ba. Amma dutsen yashi yana da halinsa: yana marmashewa, inda ka kama da hannu zai iya ɓantarowa, in ya jiƙe ya fi rauni, kuma yana cin igiya kamar magagari. Inda duwatsu suka jingina da juna kuma, wani ƙaramin dutse da ka raina shi ne ya tokare babba. Kada a ja shi, kada a taka shi don hawa.

Anti Zenabu Nas: Ku bar maganar dutse tukuna. Abin da zai kwantar da su a nan ƙasar jemage ne, kuma Buoyem da jemagu aka san ta.

Abu biyu ne. Na farko funfunar da ke tsirowa a kashin jemage da ya daɗe. In kashin ya bushe aka taka shi, ƙura ta tashi, mutum ya shaƙa, ta sauka a huhu. Sunan cutar histoplasmosis. Ba ranar take nunawa ba, tsakanin kwana 3 zuwa 17 ne: zazzaɓi, busasshen tari, ciwon ƙirji, kasala. Mai lafiya sau da yawa yakan warke da kansa, amma wanda ya shaƙi da yawa ko garkuwar jikinsa ta yi rauni yana iya kwanciya sosai. Abin haushin shi ne kama take da tarin fuka, har a hoton ƙirji, sai a ɗora mutum a kan maganin tibi na watanni alhali ba shi ba ne.

Na biyu Marburg. Kada mu manta a Yulin 2022 aka tabbatar da ita a nan yankin Ashanti, karo na farko a Ghana, ba a sanar da ƙarewarta ba sai 16 ga Satumba. Mutum uku aka tabbatar, biyu suka rasu. Jemagen da ke ɗauke da ƙwayar shi ne mai cin 'ya'yan itace da ke kwana a kogo, wanda ake kira jemagen Masar. A 2008 wata mata 'yar Holan ta shiga kogon Python a Yuganda yawon buɗe ido, ta koma gida ta mutu da ita. Kogon Kitum na Kenya ma an danganta shi da masu cutar a 1980 da 1987. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan rabin waɗanda suka kamu ne ke mutuwa.

Awudu Magazin: Anti, ai jemagu sun cika itatuwan gidan zu na Kumasi, haka ma wajen asibitin soja na 37 a Ankara. Kullum mutane a ƙarƙashinsu suke wucewa, kashi na zuba a kan motoci.

Anti Zenabu Nas: Waɗancan wani jinsi ne, masu launin ciyawa, a bishiya suke kwana, a sarari, rana na dukan kashin, iska na kwashewa. Kogo ɗaki ne rufaffe: fitsari na ɗiga daga sama, kashi ya taru shekara da shekaru, kai kuma kana rarrafe hancinka taƙi ɗaya daga ƙasa. Ba haɗi.

Ga abin da zan ce, kuma ba na sassautawa: ɗakin da jemagu suka yi dandazo a rufinsa ba a shiga. A tsaya inda iska ke kaɗawa. Wanda ke son ganin su ya zauna nesa da ƙofa gab da magariba ya ga fitowarsu, ya fi kyau ma. Sauran sassan kogon kuma da takunkumin N95 ko FFP2, ba shuɗin nan na asibiti ba, shi ba ya manne wa fuska. A matse ƙarfen kan hanci, a hura a ji ko iska na fita ta gefe. Kowa ya riƙe uku, don gumi na jiƙa shi cikin awa ɗaya ko biyu, jiƙaƙƙe kuma numfashi ta cikinsa wahala ne. Masu gemu ku sani gemu yana hana shi kamawa. Mai ciki, mai asma, mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, waɗannan su haƙura gaba ɗaya. Ba a cin abinci a ciki. Ba a taɓa jemage, rayayye ko matacce. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a nemi allurar haukan kare a ranar, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba.

Fuseini Aboabo: Anti, kin kusa sa mu fasa wallahi. Yaya Awudu, fitilu fa?

Awudu Magazin: Ka ce kuna da tocila. Guda nawa? Ƙa'idar ita ce kowane mutum fitila uku nasa na kansa, ba ukun rukuni ba. Babbar a goshi, a kan hular kwano, don hannu biyu suna da aiki. Ta biyu ita ma ta goshi, tana cikin jaka ko a maƙale gefen hula. Ta uku ƙarama, a rataye a wuya cikin riga, yadda ko jaka ta faɗa rami tana jikinka. Fitilar waya ba ta cikin lissafi.

Haske mai ƙarfin lumen 200 zuwa 300 ya isa tafiya. Masu kunna fitila a ƙarshen ƙarfinta su ne batirinsu ke mutuwa cikin awa ɗaya da rabi. Batir mai caji samfurin 18650 na gaske, mai 3,000 mAh, zai riƙe lumen 200 wajen awa biyar. Ku kula da na jabu a kasuwa: duk wanda aka rubuta masa 9,900 mAh ƙarya ce, irin wannan batirin bai cika wuce 3,500 ba. Ku ɗora a sikeli, na gaske yana kai giram 45, na jabu sau da yawa ko 30 ba ya kaiwa, don cikinsa fanko ne. Kwana biyu kafin tafiya kowa ya cika caji ya kunna fitilarsa a ɗaki ya duba agogo har ta mutu. Adadin da ka gani shi ne gaskiyar fitilarka, ba na jikin kwali ba. Batiran ajiya a naɗe kowanne daban cikin leda, kada su haɗu da makulli ko kwabbai a aljihu, suna iya kamawa da wuta.

Hula kuma mai maɗaurin haɓa. Ta magina marar maɗauri, da ka sunkuya ko ka zame ita ce ke fara barin ka, ta tafi da fitilar. Ta babur ta yi nauyi, ta toshe kunne, ga zafi. Takalmi na roba mai tsawo mai ƙasa da tsaga-tsaga, da safa mai kauri. Safar hannu ta roba irin ta masu aiki. Doguwar riga da dogon wando, abin kare gwiwa in da hali, don rarrafen mita ashirin a kan tsakuwa ya isa ya ɗaye fata.

Hajiya Mariama: Ku ƙara da ruwa. Zafin cikin kogo yakan tsaya daidai da matsakaicin zafin garin na shekara, wato a nan wajen digiri 26, ga laima ta cika iska, gumi ba ya bushewa. Shawarwarin Turai na sa kayan sanyi ba namu ba ne. Rabin lita a kowace awa, a gora mai murfi, ba fiya wata ba, don leda na fashewa a matsatsi. A haɗa da ƙullin gishirin ORS biyu. Amma a sa babbar ledar shara ɗaya a kowace jaka: wanda ya ji rauni ya kwanta a jiƙe a kan dutse na awanni sanyi zai kama shi ko a Kumasi ne, sai a huda ledar a zura masa kamar riga.

Malam Issaka Tafo: Igiyar fa, wace iri ce?

Fuseini Aboabo: Shuɗiyar nan ce ta kasuwar Kejetia, mai kauri, mita talatin.

Awudu Magazin: Wannan ta ɗaure kaya a kan mota ce. Rana na cinye ta ba tare da ido ya gani ba, tana da santsi, ƙulli na kwancewa a jikinta, kuma gogayya kaɗan ke narkar da ita. Igiyar da ake rataya rai a kanta mai riga da ciki ce, kaurin milimita 10 zuwa 11, marar talewa sosai, mai lambar EN 1891 nau'in A, wadda ke ɗaukar abin da bai gaza kilo 2,200 ba kafin a yi mata ƙulli. Ƙulli kuwa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma ni shawarata ku bar igiya a gida. Igiya a hannun wanda bai koya ba ita ke ba shi ƙarfin halin sauka inda ba zai iya hawowa ba. Sauka da hannu abu ne mai sauƙi, nauyinka ke kai ka. Hawowa mita biyar a igiya mai laka, bayan awa uku na gajiya, ko ɗan dambe ba ya yi. Masu yin wannan da gaske suna da ɗamarar ƙugu, da ƙarfen sauka, da maƙalai biyu na hawa, suna ɗaure igiya a wuri biyu, suna sa mata kariya a bakin dutse, suna ƙulla ƙarshenta don kada mutum ya zarce, kuma sun yi watanni suna gwaji a kan bishiya da rana tsaka. Wanda ya suma a rataye cikin ɗamara ma, jini na taruwa a ƙafafu, mintuna ne ke tsakaninsa da hatsari. In kun iso bakin rami, kogonku ya ƙare a nan.

Malam Issaka Tafo: A nan na ɗan saɓa maka, Awudu. Guntuwar igiya mai kyau, mita goma, tana da amfani a gangare mai santsi wanda ƙafa za ta iya hawa, a matsayin abin dafawa. Kuma da ita ake jawo wanda ya zame.

Awudu Magazin: Na yarda, Malam, in dai sharaɗin shi ne: wurin da ba za a iya hawa ba tare da ita ba, ba a sauka da ita.

Salifu Asawase: Ba wanda ya taɓo iska. Iskar waje tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100, kabon-dayoksaid kuma kusan 0.04. A kogon da ganye da kashin jemage ke ruɓewa, ga ba mafita ta biyu, kabon ɗin na taruwa, kuma da yake ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, a ƙasa yake kwanciya: cikin rami, ƙarshen gangare, lungun da ya toshe. Ba wari, ba launi. A kashi 3 mutum zai ji yana haki kamar ya yi gudu alhali tafiya yake a hankali, kai na sarawa. Ya wuce 5 sai jiri da rikicewa. Wajen 10 suma ce cikin ɗan lokaci. Don haka in mutum biyu suka fara haki tare ba dalili, ba a zama a huta a wurin, zama ma ƙara kusantar ƙasa ne. A juya a hau sama nan take.

Baba Gariba: Masu haƙar rijiya tun kakanni fitila suke zurawa. In ta mutu ba mai sauka.

Salifu Asawase: Gaskiya ne Baba, kuma dabarar tana da tushe: kyandir na mutuwa in oksijin ya sauko wajen kashi 16 zuwa 17. In harshen laita ya rabu da bakinta yana rawa a sama, ko ta ƙi kamawa, fita kawai. Sai dai wuta oksijin take aunawa. Tana iya ci da kyau alhali kabon ya kai inda zai wahalar da mutum. Ko na'urar gas mai auna abu huɗu da ake amfani da ita a ma'adinai, galibinta oksijin take gani da gas mai kamawa da wuta da hayaƙin inji da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kabon-dayoksaid sai an sayi mai ma'auninsa daban. Na'urar na yin ƙara in oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5. Kuma kada a kunna wuta ko a sha sigari kusa da tulin busasshen kashin jemage, yana ci.

Abu ɗaya da ya fi kashe mutane a irin wannan: wani ya faɗi a ƙasan rami, ɗan'uwansa ya diro ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi, na uku ya biyo. Haka ake rasa mutum uku a rijiya ɗaya. Ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da aka bari kuma kada ma wani ya kira su kogo. Kogo ya yi dubban shekaru yana tsaye, ramin haƙa kuwa tun ranar da aka bar shi yake neman ruftawa.

Hajiya Mariama: Ka tambayi wata. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu. Daminarmu biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, duk ku kauce musu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan da zai cika kogo ba lallai a kan kogon ya sauka ba, yana iya sauka a kan tudu kilomita biyar daga nan, ku a ciki ba ku ji ko tsawa ba. Yaran ƙwallon Tailan 12 da kocinsu a ƙafa suka shiga Tham Luang ranar 23 ga Yunin 2018, ruwa ya rufe bayansu. Sai 2 ga Yuli aka gan su, na ƙarshe ya fito 10 ga Yuli, kuma wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, ya rasu a aikin ceton. Duniya ce ta taru a kansu. A Mossdale ta Ingila a 1967 mutum shida ne ruwa ya ci, kuma ƙwararru ne.

Kogo yana faɗar halinsa ga mai dubawa. Ku ɗaga fitila sama: in kun ga kara, ganye ko leda a maƙale a rufi, ruwa yana kaiwa can. Sabuwar laka a bango, kumfa a lungu, duk shaida ce. Kuna ciki kuka ga ruwan da yake garau ya fara yin ja, ko ƙararsa ta ƙaru, ko iska ta sauya, ku kama hanya. In ya riga ya tare hanyar, kada a yi tsere da shi. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato. A nemi wuri mafi tudu, a kashe fitilu a bar ɗaya, a jira ya janye.

Anti Zenabu Nas: Sai dai hunturun nan shi ne lokacin da kashin ya fi bushewa, ƙura ta fi tashi. Kun ga ke nan takunkumi ba zaɓi ba ne.

Malam Issaka Tafo: Saura matsatsi, inda samari ke gwada jarumta. A Nuwamban 2009, a kogon Nutty Putty na jihar Utah, wani saurayi ɗan shekara 26 ya kutsa wata ƙaramar hanya da kai, hanyar ta gangara, ya maƙale kai a ƙasa ƙafa a sama. Masu ceto sun isa gare shi, suna magana da shi, amma fiye da awa 24 suka kasa zaro shi har ya rasu. A can aka bar gawar aka toshe kogon da kankare. Darussan a bayyane suke. Hanyar da ta gangara, ƙafa ke fara shiga, don ka iya turo kanka baya. Ramin da sai ka fitar da numfashi ƙirjinka zai wuce, ba naka ba ne, domin da ka ja numfashi haƙarƙari zai buɗe ya kulle ka. A fitar da komai daga aljihu, a tura jaka gaba. Wanda ya ji ya maƙale ya daina kokawa, ya huta minti biyu, ya koma ta yadda ya shigo, sannu-sannu. Firgici ke kumbura mutum. Mafi jiki a cikinku kada ya zama na ƙarshe wajen shiga, in ya toshe hanya duk kuna ciki. A sa shi na biyu, akwai mai ja ta gaba, akwai mai ja ta baya da zai iya fita neman taimako.

Awudu Magazin: Ɓata hanya kuma, zaren da ake ja kamar a tatsuniya ba ya aiki, yana tsinkewa yana harɗe ƙafa. Hanyar shiga da ta fita ba sa kama da juna, shi ya sa a kowace mararraba kowa ya juya ya kalli bayansa ya haddace. A ajiye 'yan guntayen leda mai ƙyalli masu lamba, a kwashe su a dawowa. Ba fenti, ba rubuta suna a bango. Lokaci da batir a kasa su uku: kaso ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya ajiya.

Salifu Asawase: Lambar gaggawa 112 ce, 'yan kwana-kwana 192, motar asibiti 193. Amma ku sa a ranku waya ba ta aiki da zarar kun shige, kuma ciro mutum ta matsatsi ba aikin da ake yi kullum ba ne. A Jamus a 2014, mutum ɗaya da dutse ya faɗo wa a kogon Riesending sai da aka yi kwana 11 da mutum fiye da 700 kafin a fito da shi. Ku awannin farko ku ne masu ceton kanku. Shi ya sa ba a shiga ƙasa da mutum huɗu: ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita. Bakwai kuma sun ɗan yi yawa a ƙaramin kogo. Biyar su shiga da ɗan jagora, biyu su zauna a ƙofa, a yi musanya.

Na ƙofa su riƙe takarda mai sunayen kowa da lokaci biyu: lokacin da ake sa ran fitowa, da lokacin da in ya wuce za a tayar da jama'a, misali ƙarfe 1 da ƙarfe 3. A ɗauki adireshin GhanaPostGPS na bakin kogon da hotonsa a tura wa wani a gida tun kafin a shiga. A shiga da hantsi, don in abu ya faru a samu rana a gaba. Kowa da usur a wuya, murya ba ta zagaya kwana a cikin dutse.

Baba Gariba: Tun da kun nace, ga nawa. Kogo a ƙasar nan yana da masu shi. Da yawansu wuraren tsafin mutanen gari ne, wasu akwai ranakun da ba a shiga. Ba a tsallake fada a nufi daji. Ku yi sallama ga sarki ko wakilinsa, ku ɗauki ɗan jagora na garin ku biya shi hakkinsa. In aka ce sai an zuba giya ko an yi yanka kafin a shiga, ku ba da haƙuri cikin ladabi ku juyo, ba gardama, ba izgili. Kayan da kuka gani a ciki, tukunya ce ko ƙashi, ba naku ba ne. Sannan hatsarin farko a bakin ƙofa yake, inda inuwa da sanyi suke: gamsheƙa, kasa, kunama, da zuma a tsagin dutse. Kada a sa turare ranar. Kada hannu ya shiga inda ido bai riga shi ba. Ku karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ" kafin ku sa ƙafa.

Anti Zenabu Nas: In maciji ya sari wani: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da itace kamar karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti. In tofi ya yi a ido, a yi ta zuba ruwa. Ku tambayi asibiti mafi kusa tun kafin tafiya ko suna da maganin dafi.

Bayan fitowa, a yayyafa wa kaya ruwa kafin a tuɓe don ƙura ta kwanta, a ƙulle su a leda, kada a shiga trotro, motar haya, da su. Takalmi da safar hannu a wanke da bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa. Igiya kuwa ruwa zalla, bilic na kashe ta. A rubuta ranar a kalanda. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin kwana 21, kada ya tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Ya je asibiti, kalmar farko da zai faɗa wa likita ita ce ya shiga kogon jemagu ranar kaza.

Malam Issaka Tafo: Ni da za ku ji tawa, tafiyar farko ba Buoyem ba. Ku fara da Shai, inda ma'aikatan gandun daji ke raka mutane, ko Likpe Todome wajen Hohoe da ke da 'yan jagora. Ku gwada hulunanku da fitilunku a can, ku ga wa ke firgita in rufi ya matso, don ba a sanin wannan sai an shiga.

Anti Zenabu Nas: Shai ma akwai kogon jemagu, Malam. Dokata tana nan a can ma.

Fuseini Aboabo: Mun gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun mayar da ita Janairu, shuɗiyar igiya ta koma shanya. Yaya Awudu, za mu kawo maka batiran a Magazin ranar Asabar ka ɗora mana a sikeli. Mutum biyu cikinmu masu gemu ne, kuma sun ce ba za su aske ba.

Baba Gariba: To ga masu tsaron ƙofarku nan kun samu.